Azumin Bindigar Baba

Ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar ɗaurin hatsi, Allah ya karɓi ran Baba. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma, amma na lura faɗar haka ta fi sauƙi a kan mamacin wasu. Ina birnin Tawa, wurin aikina, aka kira ni. Kafin in sami motar Takanamat, in sauka in nemi mai moto, wato ɗan acaɓa, zuwa ƙauyenmu, har an kai shi an dawo. Ban ga fuskarsa ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da mu yi maganar da ta wuce gaisuwa, kuma kowace shekara ina ce wa kaina da sallah mai zuwa zan durƙusa in ba shi haƙuri. Na shiga zaman makoki ban san ko ya tafi da fushina ba.

Wan mahaifina ne. Mahaifina ya tafi cin rani Abijan ina goye, bai dawo ba sai labarinsa. Baba ya riƙe ni, matarsa Inna ta yaye ni, na tashi tare da babban ɗansu wanda nake ce wa Yaya. Maharbi ne ɗan maharbi. Ni kuwa ma'aikacin gandun daji ne, wato aikina hana abin da gidanmu ya gada.

Da na iso ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi har gindin aduwa. Na ji wani daga baya ya ce a hankali, "Gandun daji ya iso." Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya kwaɓe shi. Tsofaffin maharba uku da suka rage a yankinmu suna zaune gefe guda, suka amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa wa baƙon da ba a san abin da ya kawo shi ba. Babu wanda ya yi kuka cikin maza sai abokin Baba, wani tsohon makiyayi daga wajen Tebaram, wanda Hausarsa ke fita da ɗanɗanon Tamashek. Ya ja rawaninsa har idanu, ya kama hannuna ya ƙi saki.

"Shekara nawa ban ji muryat Tsohuwa ba cikin daji," in ji shi. "Yanzu ga mai ita ma ya yi shiru."

Tsohuwa sunan bindigar Baba ke nan. Na ɗauka kunnen tsohon ne ya mutu, don ni a sanina Baba bai taɓa fasa fita ba.

A cikin gida mata ne cike da tsakar gida. Abin da suke ta maimaitawa ɗaya ne, zabo. Duk macen da ta haihu a ƙauyenmu, kafin suna za ta tarar da zabo yankakke, figagge, rataye a darnin ƙofarta. Ba sallama, ba aike. Wata da ta haihu bara ta ce ita ma ta samu nata, wata mai jikoki ta ce ita sau tara ta samu. Ina jin su ina sunkuyar da kai, don a lissafina kowane zabo na 'yan shekarun nan shaida ce cewa Baba bai ɗauki maganata a bakin komai ba. A waje kuma tambayar da ke yawo ƙasa-ƙasa ita ce wa za a ba Tsohuwa. Kowa ya san amsar. Yaya ne babba, kuma bai taɓa kunyata ubansa a kasuwa ba.

Tsohuwa bindiga ce mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya a saka kartushi. Kakanmu ya same ta tun zamanin Nasara, bayan ya gaji da baka da adaka, kuma takardarta na nan cikin gwangwanin shayi, ana sabunta ta. Ƙotarta ta taɓa tsagewa, Kaka ya naɗe wurin da ɗanyar fatar raƙumi, ta bushe ta kame har yau. Inda hannu ke riƙewa itacen ya yi sulɓi, ya ɗan lotsa. Ba ta da kyan gani. Wani baƙo ya taɓa ce wa Baba ya kamata ya sake sabuwa, Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce shi ma matarsa ta yi haƙuri da shi a haka.

Harshensa ke nan. Ba ya yabo, ba ya ba da haƙuri, kuma in ya ƙi abu ya ƙi ke nan. In ka kawo masa labari mai tsawo sai ya zuba garin taba a baki ya ce, "To, ina kan maganar?" Na sha jin haushinsa. Na fi kowa son in ji ya ce na iya, bai taɓa faɗa ba.

Abin da ya bambanta gidanmu da sauran maharba shi ne azumin bindiga. Ranar da ruwan shuka ya sauka, Baba zai sauko da Tsohuwa daga bango, ya goge ta da man keken ɗinki, ya nannaɗe wani baƙin tsumma da aka yaga daga rawanin Kaka, ya toshe bakinta. Daga nan ta ɗauki azumi. Ko zabi sun shigo gona suna tonon iri, sai dai a kore su da hargowa. Da damina zabuwa ke kwanci, zomanya na da ciki, barewa na shayarwa, don haka wanda ya harbi ɗaya a lokacin ya kashe biyar. Sai ranar da damin farko ya shiga rumbu, da hantsi, zai tara mu a tsakar gida, ya yi bisimilla ya zare tsumman. Wannan shi ne buɗa-baki. Sai ka ji yara na gudu suna faɗa wa maƙwabta Tsohuwa ta sha ruwa.

Limamin garinmu, wanda sa'an Baba ne, ya taɓa tsokanarsa a gabanmu.

"Kai dai ka cika ƙaƙale. Ƙarhe na azumi?"

"Malam, ba don lada taka yi ba," in ji Baba. "Don kunya ta."

Da wannan tsumman ake naɗa magaji. Ɗaukar bindiga kowa na iya yi, ni ma na sha saɓa ta a kafaɗa in Baba ya gaji. Amma zare tsumma na mai ita ne shi kaɗai. Shekarar da gwiwar Kaka ta ƙi, ranar buɗa-baki ya miƙa wa Baba ita da bakinta a toshe. Baba ya zare, shi ke nan. Ba takarda, ba shaidu, kuma ba wanda ya taɓa ja da hakan.

Ni na fi Yaya bin Baba daji. Yaya tun yana saurayi hankalinsa na kan mota, yau ma direba ne, rabin shekararsa a kan hanya. Ni kuwa duk hutun lakwal, wato makaranta, ina bayan Baba a kan fako, cikin geza da sabara, har kwarin da ke gangarawa wajen Bambay. Kartushi uku yake fita da su, sau da yawa ya dawo da biyu. Yawancin yinin ba harbi ake ba, karatun ƙasa ake. Zai tsaya a kan sawu ya nuna da sanda.

"Wanga hwa?"

"Barewa ta, Baba."

"Ko jaki ya san barewa ta. Mace ko namiji? Yaushe ta wuce? Tana gudu ko tana kiwo?"

In na yi shiru ba zai faɗa mini ba, sai dai mu tsuguna a wurin har in gano. Na taɓa kwashe rabin yini a kan kashin tuje, babban tsuntsun nan na daji, yana zaune a inuwa yana shan fura. Haka na koyi gane sawun da raɓa ta taka da wanda bai kwana ba, na koyi sa iska a fuska kafin in matsa, na koyi ɗaura burtu a goshi, wato kan tsuntsun nan da ake sassaƙawa, in lulluɓa da baƙin zane in yi rarrafe ina sunkuyo kamar mai kiwo har zabi su saki jiki da ni. Ranar da na fara yi ya ce bai taɓa ganin burtu mai ciwon baya ba sai ni. Wannan ne kusan yabo mafi girma da na samu daga gare shi, don ya nuna yana kallo.

Da na ci jarrabawar shiga aikin gandun daji, mutanen gari suka ce an yi wa maharbi haihuwar gardama. Baba kuwa kasuwa ya nufa. Ya sayar da tunkiya ya saya mini takalmi.

Aka yi ta juya ni wurare, daga baya aka dawo da ni Tawa. Dajin da na tarar ba wanda na bari ba ne. Gonaki sun cinye kwari, fari ya ci nasa, ga masu zuwa da motoci suna bin barewa a guje har ta faɗi. Inda muke ganin garke sai ka yini ba ka ga sawu biyu ba. Aka ba mu umarni mu tsare dajin mu hana farauta, ba sani ba sabo. Na yarda da umarnin, har yau ma na yarda. Abin da na yi da shi ne ban yarda da shi ba.

Ranar kasuwar Takanamat ce, bayan kaka. Muna tsaye a bakin kasuwa ni da abokan aiki biyu, sai ga Baba a kan jakinsa, Tsohuwa a kafaɗa, tuje ɗaya rataye a gefe. Abokan aikina sun san ko wane ne, suka juya suna kallona su ga abin da zan yi. Da ina da hankali da na gaishe shi, na karɓi jakin na ja shi gefe, mu yi magana irin ta ɗa da uba. Amma sabon kaki ne a jikina, kuma ina tsoron a ce na yi son kai. Na tare shi a tsakiyar mutane, na fito da takardar sammaci, na cike ta a kan gwiwata. Da na gama, sai na yi yadda aka koya mana, na karanta da ƙarfi. Na karanta har da sunansa, gatsau, da na ubansa.

Duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da na yi. Ko a bayan idonsa ban taɓa kama sunan nan ba, Inna ba ta taɓa ba, in an haifi yaro mai sunan ma sai mu laƙaba masa wani. Ni na faɗe shi a kasuwa, a gaban mahauta da masu sayar da cuku. Kasuwar ta wajenmu ta yi tsit.

Baba ya sauko daga jaki, ya miƙo hannu biyu ya karɓi takardar, yadda talaka ke karɓa daga hukuma.

"Ashe ka san sunana," in ji shi.

Ya ninke ta ya sa a hula, ya kwance tujen ya ajiye a gabana, ya hau jakinsa. Ranar da aka rubuta ya zo Tawa da kansa. Shugabana, wanda ya fi ni hankali, ya ba shi kujera, ya duba takardar bindiga ya ga tana kan ƙa'ida, ya yi masa nasiha ya sallame shi. Ni na ɓuya a bayan ofis har ya fita.

Tun daga ranar bai sake ce mini "yaron ga" ba. Mushe ya koma ce mini, yadda ake kiran ma'aikata da malaman lakwal. Amma a bakin maharbi kalmar na da wata fuska, don mushe shi ne naman da ba a yanka ba, wanda ba ya shiga gidansa. Yana faɗa fuskarsa ba yabo ba fallasa. "Mushe, an zo lahiya? Ina aiki?" In amsa, ya ce madalla, ya juya ga wani. Ni ma da taurin kaina na gida, na ce ai gaskiya ce da ni.

Kowace kaka kuma labari na iso ni cewa an ga Baba ya fita da Tsohuwa. Zamani ya canza, bindiga tsirara a kafaɗa tana jawo tambaya a hanyoyinmu, don haka ya ɗinka mata jakar fata yake saka ta. Ga kuma zabin masu jego ba su fasa ba. Na roƙi a riƙa tura ni sintiri wani gefen, don kada mu sake haɗuwa. Shekara goma sha ɗaya ina kewaye dajin da na fi sani, ina gudun tsoho ɗaya a kan jaki.

Washegarin sadakar uku, da hantsi, Inna ta aika a kira ni da Yaya. Tana zaune a ɗakin Baba cikin zanen takaba, carbi a hannu. Tsohuwa na rataye a inda take tun ina yaro. Muka durƙusa.

"Ya bar magana," in ji ta. "Ya ce Tsohuwa a ba Mushe, shi buɗe mata baki."

Yaya ya ɗago kai. Mutum ne mai haƙuri, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Inna, shi da yak kai shi gaban hukuma? Ni ban iya harbi ba, na sani. Amma in ajiya ta, ai ni ad da haƙƙi."

"Ni dai abin da anka hwaɗa mini na hwaɗi. Tashi ka sabko da ita, ka ba ƙanenka."

Ya tashi, ya sauko da ita, ya zare jakar, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Bakinta a toshe yake. Ban yi mamaki ba, don Baba ya kwanta ciwo kafin damin farko ya shiga rumbu. Na ce wa Inna ban cancanta ba, a bar wa Yaya. Ta ce ba ita zan faɗa wa ba, wanda zan faɗa wa ya tafi.

Na yi bisimilla na ja baƙin tsumman. Ya fito da nauyin da ban san shi da shi ba. Da na warware sai ga takarda a ciki, an nannaɗe ta siririya, mai ya jiƙa ta har ta zama ruwan ƙasa. Tun kafin in buɗe na gane ta. Rubutuna ne, da sa hannuna, da sunan da na karanta a kasuwa.

"Tun randa yad dawo Tawa yas saka ta," in ji Inna. "Rani na hwa, ba damana ba. Kowace Juma'a shi hidda ta, shi goge bindiga, shi maida. Ba ta sake shan ruwa ba."

Na kasa haɗa maganar. Na ce, "Inna, zabin masu jego hwa?"

"Zabina na. Dut ya ƙare mini su, tsohon ga. In yi kiwo, shi bi da wuƙa." Ta yi 'yar dariya, ta share ido da bakin zane.

"To mi yaka tahiya yi daji?"

"Na tambaye shi. Ya ce shina zuwa ganin ko namun daji sun dawo. Na ce to bar bindigar gida mana. Ya ce a'a, kar mutane su ce ɗa nai ya karɓe mishi bindiga, su zage ka."

Ɗa nai, wato ɗansa. Shekara goma sha ɗaya ina jiran kalmar nan, sai ga ta ta zo ta bakin Inna, mai ita na kwance a maƙabarta. Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi ba ranar da na iso. Baba ya ji maganata tun ranar farko, ya bi ta fiye da yadda na nema, kuma girman kansa bai bar shi ya faɗa mini ba, kamar yadda nawa bai bar ni na tambaya ba. Tafiyar awa biyu ce tsakanin ofishina da ƙofarsa.

Yaya ya karɓi takardar ya juya ta, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙo mini.

"Ya ce ka buɗe mata baki. Ga shi ka buɗe. Sai mi?"

Na tuna sintirin da na yi kafin rasuwar, yini guda a kan fako, sawun barewa ɗaya tak na gani, shi ma ya kwana biyu. Na nannaɗe takardar yadda na same ta, na rufe ta da tsumman Kaka, na mayar a bakin Tsohuwa, na danna da babban yatsa.

"Ba a ga wata ba tukuna, Yaya," na ce.

Ya ɗauko jakar fatar ya riƙe mini bakinta na saka.

Yanzu Tsohuwa na rataye a ɗakina a Tawa, takardarta ta koma sunana. Ranar Juma'a nakan sauko da ita in goge. Na nemi a mayar da ni sintirin wajen Takanamat, kuma in hutu ya zo 'ya'yana da na Yaya na bina, in tsayar da su a kan sawu in ƙi faɗa musu amsa. Na sayi zabi shida na kai wa Inna, da sharaɗin duk wadda ta haihu a gari a rataya mata ɗaya. Ban sani ba ko zan ga ranar buɗa-baki da idona, ko sai dai in miƙa ta a toshe ga wani.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kaifin harshensa, ya sa kabarinsa ya fi masa inuwar aduwar ƙofar gida sanyi. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya ce maharbin nan na arewacin Adar, Allah ya san wanda ake nufi. Sunansa kam ba zan rubuta ba. Sau ɗaya na faɗe shi a duniya, kuma ya ishe ni.